Inshorar Da Warren Ya Sayar Min

Ku gyara zama, masu karatu, yau kam labarin ba ya taƙaituwa. Waɗanda muka daɗe tare kun san ni, sababbin zuwa kuma sannunku da hanya. Sunana Jodie Ackroyd, 'yar Castleford gaba da baya, ina aiki a teburin karɓar baƙi na wani asibitin haƙori. Shekarata talatin ba ɗaya, kuma Mama ba ta barin in manta da hakan ko na yini guda. Ina da saurayi, Warren Thackray. Yana so na, ina son sa, har ya sayi zobe, na sani don na gan shi a aljihun motarsa na yi kamar ban gani ba. Matsalar ɗaya ce, ni ba zan shiga coci a ɗaura mana aure ba sai Baba ya riƙo hannuna da zuciya ɗaya, shi kuwa Baba ko ƙarar motar Warren ya ji sai ya ɗaure fuska.

Kun dame ni a akwatin saƙo wai me Warren ya yi wa Baba. Na daɗe ina kewaye-kewaye. To yau ga shi.

Ina 'yar shekara sha tara na samu aikina na farko a kamfanin burodi da ke bayan gari. Da asuba ake shiga, bas kuwa ba ta fara yawo a lokacin, dole sai mota. Na saka siket ɗin Mama baƙi da farar riga, na ɗaure gashi, na tafi banki neman rance kamar wata babbar mace. Wanda ya karɓe ni wani siririn yaro ne cikin kwat da ta fi ƙarfin kafaɗarsa, kunnuwansa jajur. Ya haɗa min shayi da kansa, ya ɗora biskit biyu a gefe. Da muka gama batun rancen sai ya juyo da takardar.

"Akwai inshora da ake haɗawa. Idan aiki ya tsaya, ita za ta riƙa biya miki. Kusan kowa yana ɗauka."

Na ce, "Ai mako uku kacal na yi da farawa. Ina cikin gwaji ma."

Ya ce, "Ba komai."

Ni fa ba na son ta. Amma kun san halinmu a nan. Mu ne za a ɓata mana gashi a shago, a nuna mana madubi, mu ce "kai, ya yi kyau, na gode," mu biya, mu ƙara da tukwici, sai mun shiga mota mu fashe da kuka. Yaro ya ba ni shayi da biskit, yana kallona da waɗannan kunnuwan, ta ina zan fara ce masa a'a? Na sa hannu, har da ce masa ya yi haƙuri na ɓata masa lokaci.

Wata huɗu bayan nan kasuwa ta faɗi, kamfani ya sallami duk sababbin ɗauka. Na nemi inshora ta biya, aka amsa min cewa ba ta biya wa wanda bai cika wata shida a aiki na dindindin ba, kuma wai duk yana rubuce da na karanta. Wato tun ranar da na sa hannu ba ta da amfanin komai a gare ni. Baba ne ya biya bashin. Yadda ya biya, za ku ji nan gaba.

Wancan yaron mai jan kunne shi ne Warren.

Kada ku ce min komai, na sani. Shekara biyu da suka wuce muka haɗu a bikin ƙawata, ya ƙara jiki, ya tara gemu, amma da ya nemi mu yi rawa kunnuwan suka tona masa asiri. Shi bai gane ni ba. Sai a fitarmu ta uku na gaya masa cikin wasa, ina dariya. Bai yi dariya ba, ya ajiye cokali ya ce, "Ki yi haƙuri, Jo." Na ce ya wuce, 'yan kuɗi ne kawai. A nan na tsaya, ban ƙara masa ko kalma ba. Na kuma yi kuskuren gaya wa Mama, ita kuwa Mama magana ba ta kwana a cikinta, kafin a kwashe kwanukan dare Baba ya ji.

Yanzu Warren yana babban ofishin bankin a Leeds, kuma don ƙaddara ta cika, a sashen da ke duba ƙorafin irin wannan inshorar yake. Ana gab da ba shi shugabancin rukuninsu. Idan na kai ƙara, sunansa ne a takardata a matsayin wanda ya sayar, kuma dole ya je ya shaida wa na sama da shi cewa mai ƙarar budurwarsa ce. Shi ya sa duk shekarun nan da unguwarmu ke ta kai ƙara, ni na yi kunnen uwar shegu.

Sai ga shi an sa wa'adi, daga ƙarshen watan Agusta ba a ƙara karɓar ƙorafi. Talabijin ba ta da zance sai wannan, rediyon mota ma haka. Mama kuwa ta fi su duka.

"Antinki Bev ta kai, an biya ta, ga ta can ta yi sabon kicin. Matar gidan kusurwa ta kai, har Sifen suka je hutu. Ke da aka cuta ido biyu kin zauna kina min murmushi."

"Mama, ba na son rigima."

"Rigima! Ke dai kin gado ubanki. Ku biyun nan ko gida ke ci da wuta sai kun nemi afuwar 'yan kwana-kwana don kun tashe su."

Ranar Juma'a ina wurin aiki saƙonsa ya shigo.

"Lahadi zan yi wa babanki magana. Bayan abinci."

Na rubuta, "Ka ɗan ƙara jira."

"Tun Kirsimeti nake jira, Jo. Zoben ya fara tsufa."

"Wane zobe?"

"Wanda kika gani a mota kika mayar da shi a juye."

Na kife wayar a kan tebur ina dariya ni kaɗai, wani tsoho da kumburarren kunci yana hararata.

Lahadi na tashi na gwada riga uku kafin na tsaya a kan koriyar nan mai ƙananan furanni, wadda Warren ya ce tana sa idona haske. Na sa 'yan kunnen Kaka, na bar gashina a sake. Gida ya cika da ƙamshin gasasshen naman sa. Mama ta fito da farantan baƙi masu bakin zinare, ta shimfiɗa farin ƙyallen tebur da ba ya fitowa sai da dalili, abin da ya nuna min ta sansano wani abu. Baba yana kujerarsa ta gefen taga da jarida, cikin tsohuwar rigar sanyinsa mai faci a gwiwar hannu, duk da Mama ta goge masa shuɗiyar riga ta rataye a ƙofar ɗaki.

Warren ya zo da furanni na Mama, da kwalbar giyar da Baba yake so. Ya sha farar riga a goge, ya rage gemu, ƙamshinsa ya riga shi shigowa.

"Barka da rana, Mista Ackroyd."

Baba ya ɗan sauke jarida. "Yawwa." Ya mayar da ita.

Da Baba ya tashi haɗa shayi kafin abinci, ya leƙo daga kicin ya kalli Mama, Warren yana zaune a gabansa. "Lorraine, tambayi mai banki ko yana shan suga."

"Trevor, ga shi nan a gabanka."

"Biyu, Mista Ackroyd, na gode," in ji Warren.

"Ce masa babu kuɗin ruwa a kai."

A raina na ce, Allah ka kai mu ƙarshen abincin nan lafiya.

Mun fara lafiya kuwa. Fanken Yorkshire na Mama ya tashi yadda take so, dankali ya soyu, Warren ya yaba romon har sau biyu, Mama ta ƙara masa nama tana washe baki. Sai tallar nan ta fito a talabijin ɗin falo da aka bari a kunne, muryar tana tuna wa duniya wa'adi ya kusa. Na ga Mama ta ajiye wuƙa, na san ta faru ta ƙare.

"Warren, kai da kake ciki, don Allah ka yi mata magana. Ta ƙi kai ƙara."

"Mama!"

"Me? Ƙarya na yi?"

Warren ya juyo gare ni. "Ba ki kai ba? Kin ce min kin kai tun bara, sun ce ba su da takardunki."

Na sunkuyar da kai ina jujjuya karas a faranti. E, na faɗa masa haka. Na faɗa don ya daina tambaya.

"Saboda ni ne?" ya ce a hankali.

"'Yan kuɗi ne, Warren. Ba su kai a ɓata maka aiki a kansu ba."

"'Yan kuɗi," in ji Mama. "Haka ta ce maka? 'Yan kuɗi?"

"Lorraine," Baba ya ce, bai ɗago ba.

"A'a, Trevor, yau sai na faɗa. Shekara goma ina haɗiye maganar nan har ta zame min ciwon ƙirji." Ta juya ga Warren. "Ka san bawan Allahn nan yana da tattabarun tsere? Ɗaki guda a lambunsa na bayan layin dogo, tun na mahaifinsa. Duk kofunan da ka gani a saman kabad ɗin can nasu ne. Da inshorarku ta ƙi biya, banki ya fara aiko wasiƙu masu jan rubutu, yarinyar nan ta daina cin abinci. Ran wata Asabar wani mutum ya zo daga Doncaster da mota da kwanduna. Duka ya kwashe, har da agogon auna lokacin tserensu. Trevor ya dawo gida, ya wanke hannu, ya ce an gama da batun motar nan, ya zauna ya ci abincinsa."

A falo talabijin ta koma tallar sabulu.

"Ba ma wannan ba," Mama ta ci gaba. "Kai ba ka san tattabara ba. Ita ba ta san an sayar da ita ba. Da mutumin ya sake su, gida suka dawo. Trevor ya je lambu da safe ya tarar da su jere a kan rufin ɗakin da babu kowa, suna jiran ya buɗe musu. Shi ya kama su da hannunsa, ya sa a kwando, ya tuƙa har Doncaster ya mayar. Akwai wata shuɗiya da ya raina tun tana ƙwai. Sau uku tana dawowa. Sau uku yana mayar da ita. A na ƙarshe sai da ya rushe ɗakin gaba ɗaya don ta daina ganin wurin sauka."

Masu karatu, ni na san an sayar da tattabarun. Ban san sun dawo ba. Ban san dalilin da Baba ya rushe ɗakin ba, ce min ya yi katakon ya ruɓe. Hawaye suka zubo min har cikin romo, na kasa ko ɗaga hannu in share.

Baba ya ci gaba da yanka namansa ƙanana-ƙanana, ba ya kai ko ɗaya baki. "Tsuntsaye ne kawai," ya ce.

Warren ya yi fari fat, kunnuwan nan kaɗai ne ja. Ya ajiye cokali da wuƙa a jere, ya goge baki.

"Mista Ackroyd, nawa ne..."

"Kada ka soma." Karo na farko ke nan da Baba ya kalle shi ido cikin ido. "Kada ka soma yi min lissafi a teburina. Ni ba kuɗi nake nema ba. Ka san abin da ya tsaya min? Na je bankin nan da kaina. Na sa taye. Manajanku ya zaunar da ni, ya nuna min sa hannunta, ya ce da 'yarka ta karanta da ba a kai ga haka ba. Na ce masa na gode. Na gode na ce masa! Na dawo na tarar da ita tana cewa ita wawuya ce, har yau kuma idan zancen ya tashi haka take cewa. Ita kuwa ta ce min ta gaya wa yaron cewa sabuwar ɗauka ce. To ni tambaya ɗaya nake da ita. Ta gaya maka ko ba ta gaya maka ba?"

Na ce, "Baba, ai ba zai tuna ba, mutum nawa..."

"Ban tuna ranar ba," in ji Warren. "Ban tuna fuskarta ba. Amma na san ta gaya min, kuma na san abin da na amsa, don abin da nake amsa wa kowa ke nan. Ba komai. Haka aka koya mana. Akwai allo a ɗakin baya da sunayenmu, duk wanda ya zo ƙarshe wajen sayar da inshora a mako shi ke tsayawa gaban kowa ranar Litinin ya yi bayani. Na san inshorar ba ta biya wa sababbin ma'aikata. Tun makon farko na sani." Ya dubi Baba. "Jodie ba wawuya ba ce, Mista Ackroyd. Ta faɗi gaskiya, ni na rufe ta."

Baba ya ture kujera, ya ɗauki hularsa, ya fita ta ƙofar baya. Mama ta bi shi da ido, ta tashi ta shiga kicin, muka ji ta kunna butar shayi, don a gidanmu babu bala'in da ba a fara tararsa da shayi.

Warren ya ce, "Ɗauko kwamfutarki mu rubuta ƙorafin."

"Ba zan ɗauko ba."

"Jo."

"Na ce ba zan ɗauko ba!" Na tashi na fita tsakar gida ta baya, na tsaya tsakanin zannuwan gadon da Mama ta shanya. Baba ya riga ya ɓace ta lungu. Warren ya biyo ni, ya ɗaga wani zani ya shigo inda nake.

"Idan na kai ƙara za su cire ka daga layin ƙarin girma," na ce. "Ka sani, na sani."

"Wataƙila. Idan ƙarar kaɗai ce, za su biya ki, su aiko wasiƙa mai laushi su ce an samu kuskure. Ni nake rubuta irin wasiƙun nan, Jo, kullum. Kuskure. Ba wanda ya yi, kawai an samu." Ya yi wata dariya marar daɗi. "Babanki ba wannan yake so ba. Zan rubuta nawa bayanin in haɗa, da sunana. In faɗi abin da kika ce, da abin da na ce, da allon, da komai."

"Ka haukace? Ai wannan ya wuce ƙarin girma. Korarka za su yi."

"Suna iya yi."

"Gidan da muke tara wa kuɗi fa? Bikin fa? Warren, wallahi ni na yafe. Tun a wurin rawar nan na yafe."

"Na sani. Kin yafe min abin da ban san girmansa ba, shi ya sa ya zo min da sauƙi." Ya kamo hannayena biyu, nasa sun yi sanyi. "Me ya sa ba ki gaya min batun tattabarun ba?"

"Don kada ka gudu."

"Ina zan je? Ke ce kaɗai kika san yadda nake son ƙwai."

Ina kuka ina dariya, na kai masa duka a ƙirji. Ya jawo ni ya rungume, haɓarsa a kan gashina, zanin gado yana kaɗa mana baya da ƙamshin sabulun Mama. Na ji zuciyarsa tana bugu da sauri. Tsoro yake ji, sosai ma, kuma bai fasa ba. A nan na san cewa ko da Baba bai taɓa yarda ba, ni dai ba zan iya son wani ba.

"Ba zan tambaye shi yau ba," ya ce a cikin gashina. "Ba zan nemi 'yarsa da hannu ɗaya ina riƙe da wannan a ɗayan ba."

Muka koma ciki. Mama ta kwashe farantai, ta ajiye mana shayi da kek ɗin tuffa, ta shiga falo ta ƙara muryar talabijin don mu san ba ta saurare, alhali ƙofar a buɗe take. Na buɗe kwamfuta. Nawa ƙorafin bai ɗauki lokaci ba, amma sai da Warren ya sa na goge "ku yi haƙuri da damun ku" daga farko, da "na gode da lokacinku" daga ƙarshe.

"Ƙorafi kike yi, ba godiyar biki ba."

"To ai rashin kunya ne a fara haka kawai."

"Fara haka kawai."

Nasa ya fi daɗewa. Yana rubutu yana gogewa, goshinsa ya yi gumi. Da ya gama ya buga shi a injin buga takardu na Mama, ya sa hannu, ya ninke kwafi ɗaya ya ajiye a hannun kujerar Baba, ƙarƙashin tabaransa. Ya sumbaci Mama a kunci ya yi godiyar abinci, ya tafi.

Baba ya dawo da yamma da laka a takalmi da latas biyu a hannu. Ina kallonsa daga matakala. Ya ga takardar, ya sa tabarau, ya karanta a tsaye. Ya sake karantawa a zaune. Ya ninke ta, ya sa a aljihun rigar sanyinsa, ya ce wa Mama, "Akwai sauran kek?" Shi ke nan abin da ya faɗa.

Ranar Litinin Warren ya miƙa wa shugabarsa. Ta karanta, ta ce masa ya koma teburinsa. Talata shiru. Na yi ta aika masa saƙo daga wurin aiki.

"An ce wani abu?"

"Babu. Amma kowa ya fara min fara'a da yawa."

"Hakan da kyau ne?"

"A ofis? A'a."

Laraba ranar hutuna ce. Ina kicin cikin rigar barci da silifas, gashina a cukurkuɗe, ina shafa wa burodi bota, Baba yana tebur yana gyara marfin tukunyar Mama da sukudireba. Waya ta yi ƙara, saƙon Warren ne.

"Sun kira ni sama. An ce in zo da katin shigata. Kada ki damu. Ina son ki."

Wuƙar ta suɓuce daga hannuna. Duk wanda ya taɓa aiki ya san abin da ake nufi idan an ce ka zo da katinka. Na dafa bakin tebur. Ni na jawo masa. Ni da bakin Mama da tattabarun da ba su san hanya ba sai ta gida.

"Mene ne?" in ji Baba.

Na miƙa masa wayar. Ya nisantar da ita daga fuska yadda yake yi idan babu tabarau, ya karanta, leɓensa yana motsi. Ya ajiye ta a hankali. Ya ajiye sukudireba. Ya tashi ya hau sama.

Raina ya ɓaci, masu karatu, ba zan ɓoye muku ba. A zuciyata na ce, ka samu abin da kake so, an wanke 'yarka, shi kuma ya tafi da aikinsa, kai ko a jikinka. Na zauna na kifa kai a tebur. Mama ta shigo da kwandon wanki, ta ga wayar, ta karanta, ta dafa bayana tana cewa, "Haba 'yata, haba."

Sai muka ji takunsa a matakala, da takalmi mai ƙwas-ƙwas. Baba ne cikin baƙar kwat ɗinsa ta jana'iza da biki, wadda maɓallin tsakiya ya daina kamawa, ya taje gashi da ruwa, taye a karkace.

"Trevor, wa ya mutu?" in ji Mama.

"Ba wanda ya mutu." Ya ɗauki makullin mota daga ƙugiya, ya kalle ni sama da ƙasa. "Haka za ki je Leeds, kamar wadda aka koro daga asibiti? Je ki sa kaya."

"Leeds? Baba, ai ba ka tuƙi a Leeds. Ka ce titunansu mahaukata ne suka zana."

"Har yanzu ban canza ra'ayi ba. Yi sauri."

Ban san yadda na sa wando da riga ba. Mama ta biyo mu har bakin mota, ta gyara masa taye ta taga, ta cusa min burodi a takarda. Muka hau babbar hanya, Baba ya riƙe sitiyari da hannu biyu, ya matso gaba har hancinsa ya kusa taɓa gilashi, manyan motoci suna wuce mu suna hon.

"Me za ka ce musu?" na tambaya.

"Su? Ba ni da abin ce musu. Na taɓa ce musu na gode, ya ishe su." Muka wuce wata gada. "Na san yadda mutum yake ji idan ya fito daga irin ginin nan shi kaɗai, da taye a wuya. Ba daɗi."

Na juya ga taga don kada ya ga fuskata. Mun fara hango dogayen gine-ginen Leeds ke nan wayar ta soma ruri a cinyata. Warren. Na zuba mata ido, ban ɗauka ba.

"Ɗauka," in ji Baba. "Ki sa yadda zan ji."

Na danna. Kafin Warren ya buɗe baki Baba ya karkato wajen wayar, yana ɗaga murya kamar mai kiran wani a ƙetaren fili.

"Yaro, ni ne, Trevor. Kada ka ce komai tukuna. Muna hanya. Ko me suka gaya maka, ka tsaya a bakin ƙofa. Kada ka kuskura ka hau jirgin ƙasa kai kaɗai, ka ji ni?"

Muka ji ƙarar motoci daga ɗaya ɓangaren. Sannan muryarsa ta fito, kamar wanda ya yi kuka ko yake shirin yi.

"Na ji, Trevor." Ya ja numfashi. "Jo, kina kusa? Ki riƙe wani abu da kyau kafin in faɗa miki."

Na kamo hannun kwat ɗin Baba, don kora ce ko ba kora ba, yanzu mu uku ne a ciki, na ce, "Na riƙe. Faɗa."